Idon da Ke Ganin Taya a Jikin Tsohon Silifas

Gure gari ne na bakin titi. Babbar kwaltar da ta taso daga Yamai, ta ratsa Dosso da Maraɗi da Damagaram, ta nan take bi kafin ta miƙe gabas zuwa Maine-Sorowa da Difa da Ngigmi, kuma wannan yanki na gabas da taimakon ƙasar Kanada aka shimfiɗa shi a shekarun 1970. Manyan motoci ba sa rabuwa da hanyar: mai buhunan tattasan Difa, mai kanwa, mai dabbobin da aka loda a kasuwar Gidigir, ga tankokin mai da suka ƙaru tun da aka buɗe matatar SORAZ a 2011. Direba ya tsaya shan shayi, karen mota ya shige ƙarƙashi da sifana, yara kuwa su yi cirko-cirko a gefe. Wanda bai sani ba sai ya ce kallon banza suke yi. Ƙirga tayoyi suke. Suna duba yadda ƙarafan sifirin suka kwanta a kan juna, da inda kai ya haɗu da bodi, da gefen da salansa ta ɓullo. Kwana biyu tsakani sai ka ga irin motar nan sak, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, wani yaro yana tura ta cikin rairayi da dogon kara.

An sha yabon yaran nan a kan ƙira, kuma sun cancanta. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina yana zuwa ne bayan an gama ƙirar. Mota ta yi mako tana aiki, sai taya ɗaya ta fice ta nutse a yashi, ko sandar tayoyi ta lanƙwashe don ƙane ya zauna a kai, ko akuya ta cinye kwalin da aka rufe bodi da shi. Duk faɗin duniya babu kantin da ke sayar da kayan gyaran wannan mota, domin ita kaɗai ce irinta, kamfanin da ya ƙera ta kuwa shi ne ɗan shekara goman nan da ke tsaye yana sosa ƙeya. Mai fara sabuwa yana da sarari, abin da ya tsinta shi zai yanke masa girman motar. Mai gyara ba shi da wannan sauƙi. Tayoyi biyar suna nan, dole ta shida ta zo daidai da su a faɗi, a kauri, a girman huda. A nan ake gane gwani.

Motocin iri-iri ne, kowace da lokacinta. Da kaka, in an yanke gero an bar kara a gona, motar kara ce ke tashe: a ɓare bayan karan a yi sirara, a sossoke su cikin totuwa, ƙayar aduwa ta zama ƙusa, a kankare sakaina ta zama taya. Gyaran wannan ba wuya, gona ce kantinta, sai dai ba ta da ƙarko. Wadda ake ji da ita ta ƙarfe ce. Shasinta na langa-langa ne, siririn ƙarfen nan da ake ɗaure dilar kaya da shi. Bodi na gwangwanin madara ko na mai, wanda aka farke aka daddaka da dutse har ya baje, kai kuma na gwangwanin kifi, duka an ɗaɗɗaure da danƙon da aka yanko daga robar cikin taya. Irin wannan tana shekara a hannun yaro ta wuce ga ƙanensa, kuma kafin ta kai can an canza mata kusan komai.

A ɗauki taya, tunda ita ce ta fi ɓacewa. Mafi kyawunta a jikin tsohon silifas ake fitar da ita, amma ba kowane silifas ba, kuma ba ko'ina a jikinsa ba. Wajen dunduniya ya cinye ta gefe guda, in ka yanka a nan tayar za ta fito baki ɗaya kauri ɗaya siriri, motar ta riƙa ɗingishi kamar jakin da ya taka ƙaya. Wajen yatsu kuma akwai hudar maɗauri. Abin da ya rage mai amfani shi ne tsakiya, inda tafin ƙafa bai cika dannawa ba, kuma ko a takalmin babban mutum taya biyu ce ke fita a nan. Gwanin yaro zai ɗaga silifas daga juji ya lanƙwasa shi sau ɗaya. In ya ga ƙananan tsaga sun buɗe a bayansa, rana ta gama da shi, sai ya yar. In ya miƙe da kansa ya koma yadda yake, sai ya matsa shi tsakanin babban yatsa da manuni, ya zaro tsohuwar taya daga aljihu ya kara su. Ba ya fita nema ba da samfur ba.

Sai yanka. Ya kifa bakin ƙaramin gwangwanin tumatir a kan soson silifas ɗin, ya danne da gwiwa yana murzawa har zagayen ya fito raɗau, sannan ya bi shi da reza a hankali, sau uku sau huɗu, ba a yanka ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne gano cibiya, kuma a nan yawancin sababbin hannu suke faɗuwa, domin huda in ta kauce ko yaya, mota tsalle za ta riƙa yi. Dabarar ita ce a yanki takarda daidai girman tayar, a ninka ta biyu, a sake ninkawa, a buɗe. Inda layukan biyu suka gicciye nan ne cibiya. Abin da mushe zai zana masa a allo a lakwal nan da wasu shekaru ke nan, shi kuwa ya riga ya san shi da hannu. Daga nan a sa ƙusa a garwashi a huda, kuma a zaɓi ƙusar da ta fi sandar siranta kaɗan don soson ya kama ƙarfen ya riƙe gam. A goga bakin tayar a jikin siminti har ta yi sumul, a tsayar da ita tare da 'yan'uwanta a kan dakali, a ɗora kara a bisansu. In karan ya taɓa kowace, ta yi.

Ƙasar Gure ma tana da nata hukunci. Gari ne da tuddan rairayi suka kewaye, siririyar taya kuwa nutsewa take yi. Murfin kwalbar lemo, wanda yaron cikin birnin Kano zai yi taya da shi ya sheƙa a kan siminti, a nan sai dai ya zama fitila ko adon tsakiyar taya. Shi ya sa ake haɗa soso biyu a jikin juna, a baya kuma a jera su bibbiyu yadda suke a tirela. Direbobin da ke hawa arewa zuwa Tasker suna rage iskar taya don ta baje a kan yashi. Yaran sun kai ga wannan amsa ta tasu hanyar.

Bayan taya sai sandar da take hawa. Waya mai taushi ba ta yin kwana biyu. Wadda ta fi daraja ita ce siririn ƙarfen ƙafar keke ko ta babur, don ga shi a miƙe ga tauri, kuma ana gwada shi ne ta mirgina shi a kan faranti, in ya yi rawa a bar shi. Ba a zura shi kai tsaye cikin hudar gwangwani, bakin ƙarfen zai ci shi ya yi ta ƙara. Sai a sa shi cikin bututun bik da ya ƙare, ko sandar alawa mai rami, wannan shi ne boris ɗin motar. A ɗiga masa baƙin mai kaɗan, kaɗan ƙwarai, don mai in ya yi yawa yashi yake kira.

Irin waɗannan kaya ba a cika tsintar su a juji ba, sai an je wurin masu su, kuma shiga wurin manya da roƙo wani ilimi ne mai zaman kansa. Yaro mai hankali ba ya zuwa gareji lokacin da mai abin hawa ke tsaye a kan bakanike yana huci. Yana bari sai an yi azahar an ci abinci. Ya yi sallama, ya rusuna, ya cika buta ba wanda ya sa shi.

"Kai kuma fa? Ɗan gidan wa?"

"Baba, ƙarfen ƙafar keke nake so, ko guda, in akwai wanda ba ku so."

"Me za ka yi da shi?"

Sai ya fito da motar daga bayansa ya miƙa da hannu biyu. Na ga wani dattijo mai gyaran babur ya karɓi irin wannan mota, ya juya cikinta sama, ya kaɗa tayar gaba da yatsa, ya kara kunne yana sauraro, fuskar nan ba alamar wasa.

"Sandarka ba ta da laifi, ɗana. Bututun ne ya tsage. Duba nan."

Ya jawo gwangwanin tarkacensa, ya tona, ya ciro guntun tiyon mai na babur, ya gwada a jikin sandar, ya datse daidai.

"Allah ya saka da alheri, Baba."

"Gobe ka kawo mini ita in ga tafiyarta."

Kowane gwani yana ɗauke da taswirar garin a kansa. Ya san mai shayin da ke ajiye gwangwanin madara da wanda ke sayarwa. Ya san a wurin mai faci ake samun danƙo, a ƙarƙashin keken tela ake samun kwarkwaron zare, a bayan shagon mai gyaran rediyo ake tsintar waya ja da baƙa da ƙananan ƙwayayen fitila. Gidan da aka yi biki jiya, yau da sassafe za a same shi a bayansa. Ranar kasuwa da yamma yana wurin da 'yan gwanjo suka kwance dila. In aka yi ruwa mai ƙarfi kuwa, ya bi magudana zuwa inda ta zube, domin duk silifas ɗin unguwa da ya rasa ɗan'uwansa can yake taruwa. Abin da ya samu fiye da buƙata ba ya zubarwa. Akwai gwangwanin ajiya a bayan rumbu ko a saman katanga, kuma da shi ake ciniki, taya a bakin sanda, fitila a bakin langa-langa, wani lokaci da cikon dala biyar.

Wannan wahala ta neman abin da zai zo daidai ba ta yaran Gure kaɗai ba ce. A Turai da Amurka da Japan akwai manyan mutane, da yawansu masu furfura, da ke zuba kuɗi da shekaru a kan ƙananan jiragen ƙasa. Abin sha'awa, su ma daga farin ƙarfe irin na gwangwani abin ya faro. Kamfanin Märklin, wanda wani maƙeri ya kafa a garin Göppingen na Jamus a 1859, da kayan girkin 'yar tsana ya soma, sai a 1891 ya nuna jirgi mai wani da dogon da ake harhaɗawa a bajekolin Leipzig. A Ingila Frank Hornby ya fitar da nasa a 1920. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa yau shi ne wanda suke kira HO, inda ake rage komai zuwa kashi 1 cikin 87, tsakanin ƙarafan dogo kuma milimita 16.5. Taragon kaya mai tsawon mita 12 sai ya koma santimita 14, tayarsa ba ta kai santimita guda ba. A birnin Hamburg akwai Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, inda tsawon ɗan ƙaramin dogon da aka shimfiɗa cikin gini ya haura kilomita 15.

Taragun kaya su ne suka fi yawa a hannun waɗannan mutane, su ne kuma suka fi shan wuya. Ƙugiyar da ke haɗa tarago da tarago ta karye, tsanin gefe ya ɓalle, ɗan sitiyarin birki ya ɓace. A irin ƙugiyar Kadee, wadda wasu tagwaye, Keith da Dale Edwards, suka ƙirƙiro a Amurka, akwai wani mitsitsin sifirin da sai da bakin wuƙa ko tsinke ake ɗaukarsa, in ya fallo ya faɗi ƙasa kuwa sai dai a nemi wani. Taragon yana iya zama na shekara hamsin, kamfanin da ya yi shi ya daɗe da rufewa. Wasu tsofaffin ma ƙarfen jikinsu, wanda aka haɗa da tutiya maras tsabta, kumbura yake yi ya ruɓuɓɓushe da kansa. Tsawon sandar taya kuma ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani da abin da bai kai milimita ba, amma in ta yi tsawo taya ta cije, in ta gaza ta yi lilo. Dole kuma a raba taya ɗaya da sandar da 'yar roba, tunda wutar da ke tafiyar da jirgin ta cikin ƙarafan dogon take bi. Saboda haka mai wannan sha'awa yakan je kasuwar tsofaffin kaya da ma'auninsa a aljihu, ya tsuguna a gaban kwalin karyayyun taragu yana tonawa, ya sayi mataccen tarago sukutum don taya huɗu kawai. Yaron Gure da zai gan shi a wannan hali, ba sai an yi masa bayani ba.

Inda suka sha bamban shi ne su can sun zauna sun yi yarjejeniya. A 1935 masu wannan sha'awa a Amurka suka kafa ƙungiyar NMRA a birnin Milwaukee, na Turai suka kafa MOROP a 1954, kuma babban aikinsu shi ne tsayar da ma'auni: faɗin dogo, siffar taya, tsayin ƙugiya daga ƙasa, don taragon wannan kamfani ya bi bayan na wancan. Har nauyi sun ƙayyade. Taragon nan mai santimita 14 ana so ya ɗan haura giram 100, in bai kai ba a manna masa ƙarfe a ciki, don marar nauyi a kwana yake sauka daga dogo. Yaran su ma sun san wannan, shi ya sa ba sa tura tirela fanko, sai sun loda mata yashi ko tsakuwa.

Su yaran ba wanda ya rubuta musu ma'auni, amma in ka lura suna da shi. Ƙaramin gwangwanin tumatir ɗin nan mai giram 70 girmansa ɗaya ne a kowane gida. Tunda da bakinsa kowa ke zana taya, tayar da aka yanka a wannan unguwa sai ta hau motar wata unguwa. Bututun bik shi ma ɗaya ne, ƙarfen ƙafar keke haka. Masana'antun da ba su san da zaman yaran ba su ne suka tsayar musu da ma'auni, su kuwa suka gane shi suka riƙe. Ban san wani abu a harkar nan da ya fi wannan burge ni ba.

Sai dai kayan suna janyewa. Tumatir ya koma leda, madara ma haka. Dila da yawa yanzu da igiyar roba ake ɗaure ta, langa-langa ya zama abin nema. 'Yan jari-bola suna riga yara zuwa juji, kuma ba a ga laifinsu ba, abinci suke nema, ƙarfe kuma kuɗi ne a kan sikeli. Ga motocin roba na Sin sun cika kasuwa, masu kyalli, masu karyewa kafin sallah ta wuce. Da farko na ji tsoron su ne za su kashe sana'ar, sai ga shi gwanayen sun mai da su mahaƙa. Motar roba in ta mutu, tayoyinta huɗu lafiyayyu ne, girmansu ɗaya, da sandarsu. Mataccen rediyo mai cin faifai yana da ɗan injin da batir ke juyawa. Fitilar hasken rana da ta daina aiki tana da ƙwayaye da makunni. Motar da kakanninsu suka tura da kara, yau wani yana sa mata fitilun da ke kamawa da gaske.

Wannan ido shi ne dai wanda ƙasashenmu ke tafiya a kansa. Tsofaffin Toyota da Marsandi da ke ratsa yashin Manga da Damargu, waɗanda masu ƙera su suka daɗe da mantawa da su, ba takardar oda ce ke riƙe da su ba, bakanike ne da ya san cewa abin wannan mota in an ɗan goge shi zai hau waccan. Kasuwar Katako a Yamai, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, cike suke da mutanen da ke kallon tarkace su ga abin da zai zama. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda da sassan motoci da babura, labarinsa ya zaga duniya. Ba kowane mai motar langa-langa ne zai kai can ba, amma da wuya ka sami bakanike na kirki da bai taɓa yanka silifas ba.

Saboda haka raina yana ɓaci in na ga an tari yaro da bulala don an gan shi a juji, an tattake masa mota, an ce wasan banza. Tsoron iyaye yana da tushe: bakin gwangwani yana yanka, tsatsa da ƙazanta suna kawo ciwo, a juji akwai kwalba da allura. Maganin wannan a sa masa takalmi, a tabbatar ya yi rigakafi, a koya masa lanƙwashe bakin gwangwani kafin ya taɓa, a hana shi kusantar sharar asibiti. Uwa in ta buɗe gwangwani ta wanke ta ajiye masa, ya huta da rabin yawon.

Jirgin ƙasa kuwa, yaron Gure bai cika ƙera shi ba, domin abin da ido ya gani yake ƙerawa. Tashar da ta fi kusa da shi tana kudu, a Nguru ta jihar Yobe, inda dogo ya iso daga Kano a 1930. Wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, an ƙaddamar da shi a Janairun 2016 amma bai shiga jigila ba. Na Kano zuwa Maraɗi, ta Daura da Katsina da Jibiya, an aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Faɗin na Nguru milimita 1,067 ne, na Dosso 1,000, na Maraɗi 1,435, wato taragon ɗaya ba zai hau dogon ɗaya ba. Ranar da taragun kaya suka fara shiga Maraɗi, yaran can za su tsaya a gefe su ƙirga tayoyi, kuma za su tarar da matsalar da mota ba ta taɓa ba su ba: tayar jirgi tana da leɓe ta ciki wanda ke hana ta sauka daga dogo. Soso ɗaya ba zai yi ba. Sai an haɗa babba da ƙarami a kan cibiya guda, an nemo ƙarafa biyu miƙaƙƙu da za su zama dogo, an kuma tsayar da faɗin da duk unguwa za ta yarda da shi.